Akwatin Addu'a da Jan Fenti

Shekara goma sha tara nake riƙe da makullin akwatin addu'a na cocinmu, har yara suka sa mini suna Uwar Akwati. Akwatin katako ne a bakin ƙofa, mai damuwa ya rubuta ya jefa. Dokarmu guda ce: ranar Lahadi, duk wanda ya zaro takarda zai karanta ta yadda take, kuma kafin wata Lahadin sai ya taka da ƙafarsa ya je wurin mai ita.

A bayan katangar cocin akwai ɗakunan langa-langa kusan talatin. Wata Litinin ma'aikatan gwamnati suka bi su da jan fenti ƙofa-ƙofa, wai Laraba ta sama katafila za ta zo. Cikin masu ɗakunan har da Iya mai wanki, tsohuwar da ke wanke rigunan mawaƙanmu. Ba 'yar cocinmu ba ce, ba ta kuma iya rubutu ba. Ta zo ta ce, "Yaya, rubuta mini." Na rubuta abin da ta faɗa, ban gyara ko kalma ɗaya ba.

Ranar Asabar Fasto ya same ni ina goge benci, yana ta murza hannu.

"Mama, gobe Kwamishinan filaye zai yi sujada tare da mu. Shi za mu ba girman zaro takarda."

"Madalla."

"To, kin san takardar izinin faɗaɗa ginin nan tana kan teburinsa. Da za ki ɗan ware na mutanen bayan katanga, zuwa wani makon."

Raina ya ɓaci sosai. Yaron da na goya a bayana! Na miƙa masa makullin na ce, "Baba Fasto, ni hannuna ba zai iya ba. Cire da naka."

Ya buɗe, ya ɗauki ɗaya ya karanta, ya ɗauki ta biyu. Sai ya mayar da su, ya kulle, ya ba ni makullin.

Da safe Kwamishina ya iso da motoci uku da ƙamshin turare. Dattawanmu sai rawar jiki suke yi, har da wanda ciwon gwiwa ya hana shi durƙuso shekara biyar, ranar nan gwiwa ta warke. Fasto ya bayyana dokar akwati, bai tsallake komai ba. Kwamishina ya yi murmushi ya tura hannu. Ni dai na san duk inda ya laluba, jan fenti zai tarar.

Ya fara da muryar taro: "Ya Ubangiji, an shafa wa ƙofata jan fenti. Ranar Laraba za a rushe." Nan murya ta sauka. "Ban san wanda ya sa hannu ba, amma kai ka san shi. Ka ba shi lafiya shi da iyalinsa. Ni kuma ka ba ni inda zan kwanta, da inda zan ɗaura igiyar shanya."

Mu da ke da bakin cewa amin, ranar nan sai da muka nemo shi.

Fasto ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, muna yi wa masu mulki addu'a kowace Lahadi, ba kuma za mu daina ba. Amma waɗannan maƙwabtanmu ne. Filin da muke neman izini a kansa, in dattawa sun yarda, su ya fi dacewa da shi."

Dattijon gwiwa ne ya fara ɗaga hannu, Allah ya yafe mini dariyar da na yi masa.

Bayan sujada Kwamishina ya ce a kai shi wurin mai takardar, wato Iya. Na shige gaba, muka bi lungun da takalminsa bai taɓa gani ba. Muka tarar da Iya tana fama da wani babban zanen gado a cikin baho. Ba ta san shi ba, ta ga dai mutum mai ƙarfi a tsaye hannu sake.

"Ɗana, kama mini can mu matse."

Masu tsaronsa suka zabura, ya ɗaga musu hannu. Ya naɗe hannun riga ya kama. Suna murzawa, ruwa na zuba a kan takalminsa, idonsa na kan ƙofarta mai jan fenti.

Bai yi alkawarin duniya ba. Ya ce katafila ba za ta zo ba sai an gina musu ɗakuna a filin coci sun koma. Ginin da muke mafarki ya tafi ke nan, har yau in an cika wasu a waje suke tsayawa.

Ranar Laraba na leƙa ta kan katanga. Babu katafila, sai rigunan mawaƙanmu reras a kan igiya. Iya ta hango ni ta ɗaga murya.

"Yaya, wannan ɗan naku ya iya matsa. In ba shi da aikin yi, ki turo shi ranar Juma'a."