Zagin Safiyar Mam Ngone

Shekarar da annobar ciwon shawara ta shiga birnin Ndar, duk gidan da 'yan duba-gari suka samu mai zazzaɓi, kwashe shi suke yi, su cinna wa bukkar wuta. Wanda aka kwasa kuwa ba a sake ganin ƙeyarsa.

To, a unguwar masunta babu wanda bai san bakin Mam Ngone ba. Shekara ashirin, kullum da safe sai ta tsaya jikin danga ta zagi maƙwabciyarta Kodu, Kodu ta rama, sannan kowa ya ɗora tukunya. Duk ranar da aka ji shiru, ai 'yan duba-gari sun san akwai mara lafiya.

Sai ga Mam Ngone kwance, idanu kamar kwaiduwa. Ɗanta yana teku. Saura Daro matarsa, wadda tsohuwar ba ta taɓa kira da komai ba sai "busasshen kifi".

"Tashi ki zagar min Kodu," in ji Mam Ngone. "Ko so kike a ƙone mu? Ko wannan ma ba ki iya ba?"

Daro ta tsani matar nan, tsana ta gaske. Amma wuta ba ta san bukkar suruka da ta matar ɗa ba. Ta laɓe bayan danga, ta shaƙe murya irin ta tsohuwar.

"Kodu mai ƙafar agwagwa! Kin tashi, ko Allah ya hutar da mu?"

"Na tashi, tsohuwar banza! Sai na ga bayanki!"

Kwana biyar ana haka. Daro ta kwashe baƙin amai, ta ɗura mata ruwan tsamiya, tsohuwa na nishi tana cewa, "Wannan zagi ne ko gaisuwa?"

Rana ta shida Mam Ngone ta cika. Daro ta rufe mata ido, ta fita danga, don duba-gari na zagaye. Tana buɗe baki muryar ta karye.

Kodu ta buɗa danga ta leƙo.

"Rufe min baki, Daro. Tun ranar farko na gane ki, zaginki ko gishiri babu. Ta tafi ko?"

Daro ta gyaɗa kai.

"Muguwa! Ta bar ni da wa?" Kodu ta share ido da bakin zane. "Ɗora ruwa, ni zan wanke ta. Gobe kuma ki fito ki zage ni da kyau."