Abin da Aubrey Ya Yi Ranar Lahadi

A zamaninmu ba a ɗaukar wasan talabijin a ajiye. Ku yi shi kai tsaye ranar Lahadi da yamma, duk Ingila tana kallonku, ya bi iska ya tafi. Ranar Alhamis ku sake haɗuwa ku maimaita shi tun daga farko, saboda waɗanda coci ko mashaya ta riƙe. 'Yan wasan yanzu da ake bari su ɓata sau goma a yanke a gyara, in suka ce mini sun sha wuya, kallonsu kawai nake yi.

Aubrey Tancock ya girme ni nesa ba kusa ba, amma na fito a matarsa a wasanni da yawa har muka daina kiran juna da suna. Shi maigida, ni uwargida. Matarsa ta gaske ta rasu lokacin yaƙin duniya, ba su haihu ba, yana zaune a ɗakin haya a unguwar Kilburn shi da madubinsa da hotunan kansa. Ga son kai, ga rowar sigari, kuma ban taɓa tsayawa gaban wanda ya kai shi iya wasa ba. Babbar taƙamarsa hadda. Ya karanta takardar wasa sau biyu a cikin bas, ya sauko da nasa da na kowa a kai, ya yi ta gyara wa mutane har su ji kamar su shaƙe shi.

A sanyin wata shekara aka ba mu wani wasa, shi tsohon likitan ƙauye, ni matarsa. Muna gwaji a zauren wata coci a Acton, an zana ɗakunan gidan da alli a ƙasa. A nan na fara lura yana tsayawa a tsakiyar magana, ya yi tari, ya gyara tabarau, sannan ya ci gaba. Kowa ya ɗauka salo ne. Ni da na san tarinsa na gaske na san wannan ba shi ba ne.

Lokacin shan shayi ya ja ni gefe.

"Uwargida, in kin ga na tsaya, ki ɗan jefo mini kan maganar."

"Kai? Yaushe ka fara tsayawa?"

"Ban fara ba. Cewa na yi in."

"Jiya ka kira Noreen mai tuni da sunan marigayiya matarka."

"Tsufa ne, ke ma yana nan yana jiranki a bakin ƙofa." Ya juya cokali a cikin kofi. "Hester, in aka ji, tawa ta ƙare. Kin san halinsu."

Na sani. A wasan kai tsaye, da zarar an raɗa cewa kan wane ya daina riƙe magana, ba wanda zai kore shi. Waya ce kawai za ta daina kira. Shi kuwa Aubrey in ka cire masa wasa, ba abin da ya rage sai kwat da takalmi.

Noreen ita ce mai tuni. Tana tsugune bayan kyamara da takardar wasa a cinya da wani maɓalli a hannu. In ɗan wasa ya kafe, ta danna, sauti ya ɗauke a gidajen mutane gaba ɗaya, ta faɗa masa maganar da ƙarfi, ta saki. Masu kallo sai su ɗan bugi akwatinsu su ce ya fara halinsa.

Ranar Lahadi komai ya tafi daidai har muka zo wurin da nake gaya wa likita cewa jirgin ruwan ɗanmu ya nutse. A nan zai tashi ya yi doguwar magana ta fushi, ya zagi teku, ya zagi ni. Na faɗi nawa. Ya miƙe, ya buɗe baki, sai na ga idonsa ya zama wayam, kamar gidan da aka kwashe kaya.

Na jefa masa kan maganar. Bai kama ba. Noreen ta danna ta faɗa masa, ta sake faɗa, ko gezau. Ya dubi fitilu, ya dubi kyamarar da ke matsowa, ya dubi hannayensa, ya juya su baya da ciki.

"Hester," ya ce, da wata ƙaramar murya da ban taɓa jin sa da ita ba, "ina ne nan? Su wane ne waɗannan? Don Allah ki kai ni gida."

Hawaye ya gangaro masa. Ya kama hannun rigata da yatsu biyu. Noreen ba ta saki maɓallin ba, Allah ya saka mata, sai da yatsanta ya yi fari. Ni kuwa na riƙe fuskar matar likita, don ita aka biya ni in riƙe. Can sai ya dawo kamar an kunna shi, ya kama maganar daga tsakiya, ya kai ta ƙarshe ba tuntuɓe.

Da aka kashe fitilu ya goge kwalliyarsa yana fito.

"Kin gani? Ko sau ɗaya ban nemi sadakarki ba."

Na dube shi ta madubi. Ba wasa yake yi ba. Abin bai bar masa ko alama ba.

Washegari jaridu suka ɗauka. Mutane ba su ji komai ba, fuska kawai suka gani da leɓe yana motsi, suka ce ba a taɓa nuna baƙin cikin uba haka a talabijin ba. Wani mai sharhi ya yaba wa daraktanmu da ya yi ƙarfin halin kashe sauti. Daraktan, Crispin Mallory, yana can sama a ɗakin gilashi lokacin, yana zagin Noreen ta waya yana cewa ta saki, amma da ya ga jarida sai ya tuna cewa dabararsa ce. Yaro ne ɗan jami'a mai ɗaura gyale a wuya cikin ɗaki. Ya yi zaton Aubrey ya ɗan kafe ne ya rufe da gwaninta. Ni da Noreen kaɗai muka ji abin da ya faɗa, kuma da muka haɗu a bakin famfo ba wadda ta ɗaga maganar.

Ranar Laraba muka koma Acton don gwajin maimaici. Aubrey ya shigo da jaridu a aljihu, sai baza ƙamshi yake yi. Muka zo wurin, ya miƙe ya zuba maganar fushin nan tsaf, ba ko tari.

"A'a, a'a, ranka ya daɗe," in ji Crispin. "Na Lahadi nake so. Shirun nan, da hannayen, da kama rigar. Manya za su kalla gobe, akwai maganar wani dogon wasa da suke so su ba ka."

"Na Lahadi," Aubrey ya ce. "To, ai sai a yi."

Ya yi shiru, ya ɗaga kai sama, ya dafe ƙirji, ya girgiza kafaɗa. Irin kukan da muke yi wa 'yan kujerun baya a garuruwan bakin teku. Crispin ya ɓata fuska, ya ce a sake. Aka sake, ya fi na farko muni. Raina ya ɓaci har na ji kamar in shaƙe yaron nan da gyalensa, amma me zan ce? In na faɗi gaskiya na kashe Aubrey, in na yi shiru gobe ya ji kunya gaban manya.

Da aka tashi cin abinci ya ja ni wani ɗan ɗaki na baya inda ake jibge kujeru da littattafan waƙar coci. Ya rufe ƙofa.

"Uwargida, me na yi ranar Lahadi?"

"Ka karanta a jarida."

"Jarida ta ce na girgiza ƙasa. Ba ta ce da wace ƙafa na fara ba." Ya yi 'yar dariya, ta mutu a hanya. "Na tuna kin ce jirgi ya nutse. Na tuna ina zagin teku. Tsakaninsu ba komai. Ba wanda ya ajiye shi, ke kaɗai kika tsaya kusa. Nuna mini."

"Maigida, bar shi. Ka ce musu irin wannan sau ɗaya yake zuwa."

"In gaya wa wancan ɗan tsakon ban iya maimaita abin da na yi ba? Shekara nawa ina maimaita abu kowane dare? Tashi, malama, kar ki yi mini rowa."

Ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya gyara tabarau kamar mai duba sabuwar 'yar wasa. Ni kuwa na tsaya tsakanin kujerun nan na yi masa shi. Na buɗe baki na bar shi a buɗe. Na kwashe komai daga idona. Na dubi fitila, na dubi hannayena na juya su. Yana bi na da nasa hannayen, yana gyaɗa kai.

"Yawwa. Hagu tukuna. Ci gaba. Sun ce leɓena yana motsi, me nake cewa?"

"Ba a ji ba, an kashe sauti."

"Ke kin ji."

Na so in ƙirƙiro masa wani abu, wallahi na so. Amma ya kafe ni da ido, kuma ban taɓa iya yi masa ƙarya a wasa ba. Na ƙanƙantar da muryata, na faɗa masa kalma bayan kalma, har da sunana. Na matsa na kama hannun kwat ɗinsa da yatsu biyu.

Hannayensa suka tsaya a iska. Ya daɗe yana kallon yatsuna. A zaure ana ta ƙarar cokula, wani yana dariya.

"Hester na ce? Ba sunan matar likita ba?"

"Hester ka ce."

"Haka babana ya riƙa kama rigar mahaifiyata," ya ce a hankali. "Shekararsa ta ƙarshe. Daga baya sai da aka riƙa kulle masa ƙofa."

Na durƙusa gabansa. Tausayinsa ya cika ni har na kasa riƙe kuka, ni da ake cewa ba ni da hawaye sai an biya.

"Aubrey, mu je wurin likita. Ni zan raka ka. Zan gaya wa Crispin mura ta kama ka."

Ya ciro hankici ya miƙo mini, ya jira na share fuska. Sannan ya cire tabaransa ya sa a aljihu, ya miƙe, ya ture kujerar gefe, ya tsaya daidai inda na tsaya.

"Likita sai Jumma'a," ya ce. "Yanzu sake yi, a hankali. Muryar ce ban kama ba."