Igiya a Hannun Haliru

Duk wanda ya san aikin rijiya ya san ba a dogara da murya. Idan rami ya yi zurfi, magana takan iso sama a dagule, kuma muguwar iskar ƙasa muryar mutum take fara ɗaukewa. Shi ya sa mahaƙan Boɗinga suke ɗaura wa na ƙasa igiya a ƙugu, dabam da ta guga, na sama ya riƙe. In na ƙasa ya ga abin da bai gamshe shi ba, sai ya jijjiga ta. Ba tambaya, ba jira, a jawo shi kawai.

Haliru ya tsufa a wannan aiki, shi da ƙanensa Bilyaminu. Bara, a wata rijiyar lambu a Danchadi, Bilyaminu yana ƙasa, Haliru ya ji igiya ta ɗan motsa a tafinsa. Ɗan motsi ne, kamar kifi ya taɓa ƙugiya. Ya dakata ya ji ko za ta sake. Kafin ta sake, gefen rijiyar ya rufta. Sai washegari aka tono gawar.

Tun ranar hannunsa na dama bai daina rawa ba.

Kowa da sunan da ya raɗa wa abin. Matarsa Fiddausi ta ce makyarkyatar zazzaɓi ce, ta yi ta ɗirka masa jiƙo har ɗaci ya ishe shi. Ma'aikacin asibiti ya ce karkarwa ce irin ta tsufa, ya ba shi ƙwayoyi. Abokan hira kuwa, da yake ba su da aikin yi, suka ce ɓarin jiki ne irin na wanda ya tsorata. Rannan da rediyo ya kawo labarin girgizar ƙasa a wata ƙasa mai nisa, liman ya ce mu dai Allah ya rufa mana asiri, tamu ƙasar ba ta motsi. Haliru ya dubi hannunsa. Liman bai taɓa shiga rijiya ba. Shi dai Haliru ya san abin da ke hannunsa: igiyar ce take ta motsi har yanzu, kuma babu wanda zai jawo.

Da rani ya yi tsanani, mutanen Mandera, can ƙasar Shagari, suka aiko a yashe musu tsohuwar rijiyarsu. Bashir, babban ɗan marigayi Bilyaminu, magidanci da iyalinsa, shi ya gaji aikin ubansa, kuma shi zai shiga.

"Malam, da wanga hannu za ka riƙe ɗan mutane?" in ji Fiddausi.

"In ban riƙe shi ba, wa za ya riƙe shi?" Haliru ya ɗauki igiya ya fita. Gaskiyar magana, tsoro yake ji, amma ya fi tsoron ya bar ran yaron nan a hannun wani.

Da hantsi Bashir ya sauka. Samarin gari suna jan gugan laka, Haliru yana tsugune a bakin rijiya da igiyar ƙugu. Guga bai yi wani yawan hawa ba sai ya ji ta, tana rawa har cikin kafaɗarsa. Ya miƙe ya ce a ja. Aka taru aka ja.

Bashir ya fito laka har ido. "Baffa, mi ya faru?"

"Ka jijjiga."

"Wallahi ko taɓa ta ban yi ba."

Bashir ya koma ciki. Ba a jima ba Haliru ya sake sa aka jawo shi. Na uku kuwa har gwiwar Bashir ta gurje a jikin bango, samari suka fara ƙunshe dariya, wani dattijo ya ce in haka za a yi, damina za ta riski aikin. Bashir bai ɗaga murya ba. Ya kama hannun baffansa ya riƙe cikin nasa, hannun yana ta rawa a gaban kowa.

"Baffa, hannunka ne. Ba ni ba ne."

Kunya ta rufe Haliru. Bai iya bambance hannunsa da igiya ba, kuma ya san in ya ci gaba, watarana zai ce hannunsa ne alhali Bashir ne. Ya kwance igiyar daga ƙugun Bashir ya ɗaura a nasa.

"To kai ka riƙe. Ni in shiga."

Bashir ya so ya hana, amma wa zai yi jayayya da wan ubansa a gaban baƙin gari? Ya karɓi igiya.

Ƙasan rijiyar akwai sanyi da warin tsohuwar laka. Bakinta can sama ya koma ɗan fari kamar faifai. Haliru ya cika guga ɗaya, ya cika na biyu. Sai ya lura da wani abu da ya tayar masa da tsigar jiki: hannunsa ya tsaya cak. Ya juya shi, ya duba gaba da baya. Ko gezau. Rabonsa da ganin hannun nan haka tun yana da ƙane a duniya, kuma bai ji daɗin ganinsa ba ko kaɗan.

Rairayi ya ɗan zubo masa a wuya. Ya dafa bango, ya ji shi a tafinsa, motsi ne a hankali daga can cikin ƙasa, ba daga jikinsa ba. Ruwan da ke idon sawunsa ya shiga raurawa. Ashe abin da Bilyaminu ya ji ke nan.

Ya buɗe baki ya kira Bashir, murya ta ƙi fita. Ƙirjinsa ya yi nauyi. Ya kama igiyar ƙugu da hannu biyu ya jijjiga ta da duk sauran ƙarfinsa, ya ɗaga kai yana jira.

Kawuna suka leƙo, baƙi-baƙi a jikin hasken. Wani ya tambayi wani abu da bai ji ba. Sannan muryar Bashir ta gangaro, a dagule, amma cikin ladabi da tausayi.

"A'a, ku dakata. Hannunsa ne, tun safe haka yake yi."