Mita Arba'in a Hanyar Rijau

"Malam, shanya ce a gabanka," in ji matarsa Ruka.

Malam Tanimu ya gani. An baza masara a kan kwalta, ta cinye rabin hanyar Rijau, ga babbar mota tana tahowa ta ɗaya hannun. Babu wurin kaucewa, sai dai a tsaya. Tun kafin su bar Kontagora kuwa matar tasa ta kafa sharaɗi: motar nan ta riga ta sumbaci katangar makaranta da turken akuyar maƙwabci, idan ta sake taɓa wani abu, makulli ya koma hannunta.

Amma Malam bai ji ko ɗar ba, don wannan darasinsa ne. Gashin kansa a gaban allo ya ƙare, yana koya wa 'yan aji biyar nisan da mota ke ci kafin ta tsaya.

"Kwantar da hankalinki. Mita ashirin muke yi a daƙiƙa. Ashirin sau ashirin, ɗari huɗu. Birki na rage biyar kowace daƙiƙa, a ninka shi, goma. A raba..."

"Malam!"

"Mita arba'in! Shanyar kuwa ta kai sittin. Kin gani?"

Sannan ya taka birki. Motar ta yi masa biyayya, ta ci mita arba'in ɗinta cif. Sai dai rabinsu a kan masara ta ci su.

Mai shanyar, wata dattijuwa da ake kira Maman Japhet, ta taso daga gindin ɗorawa riƙe da tsintsiya, ta leƙo ta taga.

"Sannu, direba. Birkin ne babu?"

"Akwai, Mama. Lissafin ma daidai yake. Lokacin da na ɗauka ina yin sa ne ban saka a ciki ba."

Ta dubi Ruka. "Me yake cewa?"

"Malamin makaranta ne, Mama."

"Ayya," in ji dattijuwar cike da tausayi, ta miƙa masa tsintsiyar.

Ya naɗe hannun babbar riga ya share masara, 'yan acaɓa na wucewa suna yi masa sannu da aiki. Da ya gama, ya tarar Ruka ta zauna a mazauninsa, har ta matso da kujera gaba.

Ya zagaya ya shiga ɗaya gefen, Ruka ta ja mota. Can gaba garken shanu ya fara tsallaka titi. Malam ya gyara murya.

"To, yanzu gudunmu..."

Kafin ya kai ga lamba, motar ta tsaya.