Guzan Cikin Littafi

A gida Farfesa ake kiranta, kuma ba don yabo ba. Ta daɗe tana roƙon Baba ya bar ta ta bi ƙungiyar nazarin namun daji ta makarantarsu zuwa kwanan jeji, shi kuwa ya ce yarinyar da kyankyaso ke kora daga banɗaki ba ta da abin yi a can. Da naci ya ishe shi, sai ya ce su je gandun dajin bakin kogi tare da yayarta, ya ga kamun ludayinta.

Tun daga ƙofa ta fara zuba. A da nan wurin yankan katako ne, ta kogi ake koro gumagumai. Da aka rufe shi itatuwa suka dawo, tsuntsaye suka biyo su. Tana magana tana gyara tabarau, tana satar kallon fuskar Baba.

"Baba, a kashe rediyon nan mu ji kukan tsuntsu mana," in ji Yaya.

"Har guza akwai," Farfesa ta ci gaba, kamar ba ta ji ba. "Ba ruwansa da mutum. Ni a tafin hannu ma sai in ɗora shi."

A littafinta, hoton guza da na ƙadangare shafi ɗaya suke, girmansu ɗaya. Ɗan rubutun da ke ƙasa, mai faɗin tsawon kowanne, ba ta taɓa bi ta kansa ba.

Suna dab da wani tsohon injin yankan katako da tsatsa ta cinye sai ciyawa ta motsa. Kai ya fito, wuya ya biyo, sai jiki, sai wutsiya da ta ƙi ƙarewa. Yadda aka yi Farfesa ta hau kan injin, ita ma ba ta sani ba. Takalmi ɗaya ya rage a ƙasa.

"Farfesa, miƙo tafin hannun," in ji Yaya.

Guza ya baje a rana, ko kallonsu bai yi ba. Daga sama ta ga ɗigon rawaya jere a bayansa, da harshen nan mai baki biyu yana leƙowa yana komawa. Ta kasa ɗauke ido.

Baba ya daɗe yana dubanta. "Har yanzu kina son zuwa?"

"Ina so, Baba."

"To, za ki je. Sauko."

"Sai ya tafi tukuna."

Baba ya nemi dutse ya zauna.