Hoton Mbah Sarpin da Gunki Mai Kan Giwa

"Mbah, ka bar ni in kankare gansakukar nan in ɗauki hoton gunkin, sai in ɗauke ka tare da shi," in ji Babah Oei mai hoto.

"Za ka ba ni guda in aika wa 'yata Tukinem can Deli? Ta daɗe ba ta ga fuskata ba," in ji tsoho Mbah Sarpin.

"Wannan fuskar? Ai gunkin ya fi ka kyau."

"Duk da haka na fi ka gashi, Babah."

Suka tafa a gabana, ina zaune ina sayar da taba. Mbah Sarpin ne ke kula da gunkin dutse mai kan giwa na ƙauyenmu, kullum yana ajiye masa furanni.

A wancan zamani sai mutum ya daskare wuri ɗaya har gilashin hoto ya sha haske. Mbah ya ɗaura zanensa na biki ya tsaya. Babah ya lulluɓa da baƙin ƙyalle, ya buɗe idon akwatinsa. Sai ga dagaci ya biyo hanya. Mu kuwa a da, ba a tsayuwa ƙiƙam babba na wucewa. Mbah ya durƙusa ya haɗa tafuka.

Ashe gilashin Babah na ƙarshe ke nan. Gunki ya fito sarai har tsagar haurensa, a gefensa kuwa, inda Mbah ya tsaya, sai wani hayaƙi-hayaƙi.

Babah ya ci riba, don har a birnin Batavia an sayi hoton. Tukinem ce ta yi asara. Kafin mai hoto ya sake hawowa ƙauyenmu, mun binne Mbah.