Alwalar Salman

Sau biyu Salman yana tashi daga kan akushi da kumburarren leɓe, maƙogwaro na shaƙewa kamar an ɗaure bakin buhu. Uwarsa ba ta yi wata-wata ba, ta ce hannun matarsa Mubarika ne. Magana ta zaga garinsu Geceme, har maƙwabta suka daina karɓar tuwonta. Abin ya ci wa Mubarika rai matuƙa.

Da ta ji wani lokotoro na zuwa Dogon Dutsi daga Yamai lokaci-lokaci yana gwajin abin da jiki ba ya so, ta tasa mijin gaba sai likita.

Lokotoro ya zana lambobi da alƙalamin bik a hannun Salman, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Gefen kowace lamba ya ɗiga ruwan gwaji, na gyaɗa, na ƙwai, na kifi da sauransu, ya ɗan soki fatar da tsinin allura.

"Ka zauna waje. Wurin da ya tashi kamar cizon sauro, shi ne mai laifi. Kada ka sosa."

Salman mutum ne mai bin doka, bai sosa ba. Mubarika ta fita sayo ruwan sha, aka kira azahar. Ta dawo ta tarar da gogan naka tsugune da buta, ya wanke hannu har gwiwa, ya cuɗa da kyau yadda malaminsu ya koyar. Lambobi sun tafi, ruwan gwaji ya bi su.

"Salman! Mi ka yi haka?"

"Cewa ya yi kar in sosa. Ya ce kar in yi alwala?"

Lokotoro ya duba hannun, fes kamar na jariri, ya dafe kai. Ya ce fatar ta sha cuɗa ta yi ja, ba ta gwaduwa yau, sai in ya sake zagayowa bayan damina.

Suka nufi tasha, Mubarika cike da takaici. Tana tuna surukarta zaune a ƙofar gida tana jiran sakamako, ga tukunyar dare da ba ta san abin da za ta jefa ciki ba.

Salman ya shafa ciki. "Wai mi za mu ci yau?"

"Tambayi innarka," in ji Mubarika. "Daga yau ita ka dahwa maka. In leɓen ya tashi, mu ga hannun wa za a ce."